Gargaɗi: Mikin Harshen da Ya Wuce Mako Uku, Kada a Ƙara Kwana da Shi

Jama'a, a saurara. Maganar nan ta cikin baki ce, kuma ba ta jiran gobe.

Kana da miki a gefen harshe? Tun yaushe? Ƙirga kwanakin da kyau, kada ka rage ko ɗaya. Mako guda? Mako biyu? Ko tun kafin Sallah yake nan? Mikin baki na yau da kullum, irin wanda zazzaɓi ko cizon harshe ke kawowa, yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya haura mako uku yana zaune daram, wannan ba na jinya a gida ba ne. A Ingila ma ƙa'idar likitocinsu ke nan: mikin baki da ya wuce mako uku ba a san dalilinsa ba, a tura mai shi wurin ƙwararre da gaggawa, a tabbatar ba sankara ba ce. Su da asibiti ke bayan ɗakinsu ke nan. Ina ga mu?

Ka san mutumin da nake nufi. Yana majalisarku, ko yana cikin gidanku. Da can shi ne mai ce wa mai shayi ya ƙara citta. Yanzu sai ya ajiye kofin ya huce tukuna, sannan ya karkata kai ya kurɓa ta gefe ɗaya. Ya daina cin yaji. Tuwo ma a ɓari guda yake juya shi. An ce zafi ne, ya sha tsamiya. An ce basir ne ya hau sama, ya sha jiƙo. An daka masa bagaruwa ya kurkure baki, an shafa zuma, an je kemis an sayo kafso da shuɗin maganin nan da ake shafa wa yara a baki. Wata biyu, wata uku. Sai kuma kunne ya kama ciwo, kunnen ɓangaren da mikin yake. Ya tusa auduga, ya sayo maganin ɗigawa. Wanda ya leƙa kunnen ya ce bai ga komai ba. Gaskiya ya faɗa, kunnen lafiyarsa ƙalau. Harshe ne ke aiko da saƙo ta jijiya, kuma saƙon ba mai daɗi ba ne.

Sankarar harshe, wadda wasu ke ce wa ciwon daji, wasu kansa, galibi daga fatar da ta lulluɓe harshen take tasowa. Wurin da ta fi zaɓa shi ne gefe, can baya inda harshe ke gogar turamen haƙora. Da fari ba ta da ban tsoro ko kaɗan. Ɗan farin tabo ne da ba ya goguwa, ko ja, ko miki mai tauri a bakinsa. Sau da yawa ko ciwo ba ta yi. A nan take yaudarar mutane.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: mikin da kake gani a madubi ba shi ne iyakar cutar ba.

Mu Hausawa kalma ɗaya gare mu, jijiya, muna kiran abubuwa da dama da ita. Akwai jijiyar da ke kai ji da motsi, wadda in ta taɓu wuri yakan mutu ko ya yi zugi. Akwai jijiyar jini. Akwai kuma wasu siraran hanyoyi da ido ba ya gani, masu kwashe ruwan jiki su kai shi ga 'yan ƙulle-ƙullen nan na wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito. Harshe cike yake maƙil da dukkan ukun. Tsoka ce zalla, babu ƙashi a ciki da zai tare wa cuta hanya, ga shi ba ya hutawa dare da rana. Sankarar da ta zauna a irin wannan wuri, kamar ɓarawo ne da ya sauka a mararraba. Duk inda ya juya hanya ce.

Mu fara da jijiyar ji. Wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya san aikin gara. Za ka ga ɗan gininta a gindin bango, ka sa ƙafa ka rushe, ka share, ka ce an gama. Ashe tuni ta ja siririn layinta ta bi bango ta shiga azara. Haka ƙwayoyin sankara suke yi idan suka sami jijiya. Sukan kewaye ta, su shiga rigar da ta lulluɓe ta, su riƙa bin ta sannu a hankali, suna nisa da inda mikin yake. Likitan tiyata idan ya zo cire sankarar harshe, yakan haɗa da lafiyayyen nama kamar santimita 1 a kewaye, don kada ya bar saura. Amma ƙwayoyin da suka bi jijiya suna iya riga shi tsallake wannan iyaka. Ido ba ya ganinsu. Yatsa ba ya jinsu. A ɗinke wuri, mutum ya warke, a yi barka da arziki, bayan wasu watanni ciwo ya sake tsirowa a gefen tabon. Shi ya sa duk inda aka ga sankarar harshe ta kama jijiya, haɗarin ta dawo ya fi yawa, haɗarin ta sauka wuya ya fi yawa, damar tsira kuma takan ragu. A wasu lokutan ma takan bi babbar jijiya ta yi sama har gindin ƙoƙon kai, inda wuƙar likita ke da wuyar kaiwa.

Wace alama jiki ke bayarwa? Ciwon kunnen nan na ɗaya daga ciki, domin jijiyar da ke kai ji ga harshe da wata mai kai ji ga kunne reshen uwa ɗaya ne, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kunne ne ke ciwo. Wani kuma ɓarin harshensa ne zai ji ya mutu, kamar an yi masa allurar cire haƙori ba ta sake shi ba. Wani zugi ne mai tsira kamar lantarki, wanda ya fi girman mikin nesa ba kusa ba. Wani magana ce za ta yi masa nauyi. Mai karatun Alƙur'ani zai ji harafin lodi, wanda ake fitarwa daga gefen harshe, ya daina fita yadda ya saba. Ka ce wa mutum ya zaro harshensa, sai ka ga ya karkace ya nufi ɓangaren da ke da ciwon. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan? Tare da miki? To me kake jira?

Sai dai kada wani ya ce shi bai ji ko ɗaya ba, don haka da sauran lokaci. Kuskure ne babba. Sau da yawa sankara takan kama ƙananan jijiyoyi shiru, babu zugi, babu mutuwar wuri. Sai an ciro naman an sa a madubin likita ake ganewa. Wanda ke jiran sai ya ji ciwo, jiran gawon shanu yake yi.

Yanzu taɓa wuyanka. Bi ƙarƙashin haɓa, bi ƙarƙashin muƙamuƙi, sauko ta gefen wuya daga bayan kunne. Akwai ƙulli? Kaluluwar da muka saba da ita tana da ciwo, tana da laushi, takan zo da mura ko ciwon haƙori, ta baje cikin mako biyu. Wadda ake tsoro ita ce mai tauri kamar dutse, ba ta ciwo, ba ta raguwa, kullum ƙaruwa take, daga baya ma ta manne ta daina motsi. A ƙasashenmu tarin fuka ma yakan kumbura wuya, gaskiya ne. Amma wane ne zai bambance? Ba kai ba ne, ba mai kemis ba ne. Gwaji ne.

Idan ƙwayoyin sankara suka faɗa cikin hanyoyin ruwan nan, wuya ne zangonsu na farko. Likitocin wannan fanni sun daɗe da sanin cewa da zarar cutar ta sauka a kaluluwar wuya, damar tsira takan ragu da kusan rabi. Rabi fa! Kuma tana iya sauka ba tare da an ji ƙulli ba. A cikin mutum 10 da suka zo da sankarar harshe tana ƙarama, wuyansu sumul, biyu zuwa uku cutar ta riga ta isa can a ɓoye. A asibitin Tata Memorial da ke Mumbai ta ƙasar Indiya an bi diddigin wannan magana, aka wallafa sakamakon a 2015. Mutum 500 ne masu sankarar baki tun tana ƙarama, akasarinsu ta harshe, babu wanda aka ji kaluluwa a wuyansa. Aka raba su gida biyu. Wasu aka kwashe musu ƙulle-ƙullen wuyan tun a aikin farko. Sauran aka ce a zuba ido, sai in ta fito. Bayan shekara 3, waɗanda aka kwashe wa tun farko 80 cikin 100 na raye. Waɗanda aka zuba wa ido, 67.5. Don haka idan likita ya ce zai haɗa da wuya alhali kai harshe ka kawo, kada ka ce neman kuɗi yake ko ya cika zaƙewa. Gaban cutar yake son sha.

In kuwa ta shiga jijiyar jini, tafiya ta yi nisa. Huhu ta fi nufa. A Amurka, inda ake ajiye lissafi sosai, sama da 80 cikin 100 na waɗanda aka kama tasu tana harshe kaɗai sukan kai shekara 5 a raye. Waɗanda tasu ta riga ta isa sassan jiki masu nisa, wajen 40 ne. Wannan a ƙasar da magani ke hannu ke nan. A duniya baki ɗaya, a shekarar 2022 an ƙiyasta kusan mutum 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da cikin baki, kusan 188,000 kuma suka mutu da ita.

Me ya haɗa wannan da jinkiri? Zurfi. Jijiyoyin da hanyoyin nan a cikin tsokar harshe suka fi yawa. Muddin sankara na saman fata, hanyoyin da za ta bi kaɗan ne. Kowane mako da aka ba ta, ƙara nutsewa take, tana ƙara kusantar su. Tun 2018 ma'aunin da likitoci ke bi wajen faɗin matakin sankarar baki ya daina duba faɗi kaɗai, ya haɗa da zurfi, kuma da milimita ake lissafin. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba, matakinta daban. Ta haura 5, an ƙara mataki. Ta haura 10, an sake ƙarawa, ko da a ido ba ta da girma. Milimita 5 bai kai tsawon ƙwayar shinkafa doguwa ba. Abin da ya raba ƙaramin aiki da cire rabin harshe ke nan. Ka ga dalilin da ya sa nake cewa wata uku na jiƙo da bagaruwa asara ce da ba a maido ta?

Na san abin da za a ce. Za a ce daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi ya fusata ya bazu. Maganar nan ta kai mutane da yawa kabari. Daga ina ta samo asali? Daga abin da idanunmu suka gani: an kai wane asibiti, an yanki namansa, bai yi wata biyu ba ya rasu. Amma yaushe aka kai shi? Sai da ya kasa haɗiyar koko. Sai da wuya ya fashe. Cutar ta gama bin hanyoyinta tun kafin ƙarfe ya taɓa shi, ƙarfen ne ya zo a makare ya ɗauki laifi. Gwajin nama aikin 'yan mintoci ne. A kashe wurin da allura, a gutsuri abin da bai kai ƙwayar wake ba, a kai ɗakin gwaji. Babu wata hanyar tabbatar da sankara sai wannan. Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro shi ne na gida. Kada a bari wanzami ya tsaga mikin. Kada a yi ƙaho a kan kaluluwar. Kada a ƙona, kada a ɗaura magani mai cin nama. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, babu mai hanawa, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Ku kuma da aka riga aka yi wa naku aiki, da ku nake yanzu. Aiki ba shi ne ƙarshe ba. Naman da aka cire za a kai shi gwaji, takarda za ta fito. Kada ku ninke ta ku jefa a jaka. A cikinta ne aka rubuta ko cutar ta kama jijiya, ko ta shiga hanyoyin jini da na ruwa. Da Turanci take, amma ku duba haruffan PNI da LVI, na farko maganar jijiyar ji ce, na biyu maganar hanyoyin jini da ruwa. Ku zauna gaban likita ku tambaya, babu kunya. Likita, ta kama jijiya? Ta shiga hanyoyin jini? Zurfinta milimita nawa? An fita da ita duka, ko akwai saura a bakin yankan? Ƙulle-ƙullen wuya nawa aka cire, nawa ne ke da cutar? Akwai wanda ta fasa ta fito waje? Amsoshin nan su ne za su nuna ko aiki ya wadatar, ko sai an bi da gashi, wato ƙona ragowar cutar da hasken na'ura, ko gashi haɗe da allurar kemo.

In an ce ta kama jijiya, kada gwiwa ta yi sanyi. Ba hukuncin mutuwa aka yanke ba. An gano inda ta bi ne, kuma gashi na iya bin sawunta ya ƙone abin da wuƙa ba ta gani ba. Mutane da yawa sun warke a haka. Amma akwai agogo a kai. Ana son a fara gashi cikin mako shida da yin aiki. Shi kansa gashin yakan ɗauki mako shida zuwa bakwai, kwana biyar a kowane mako, kuma tsallake kwanaki na rage ƙarfinsa. Kafin a fara ma sai likitan haƙori ya duba baki. Wuraren gashi kuwa ba su da yawa a yankinmu. Akwai a Shika ta Zariya, akwai a Sakkwato, akwai a Abuja, a Nijar kuma cibiyar sankara ta Yamai ta samu nata tun 2021. Masu buƙata sun fi na'urorin yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka tun ranar da aka sa ranar aiki, ku fara tambayar layin gashi. Ku fara neman masauki. Dangi su fara karo-karo tun yanzu, kada a bari sai takarda ta fito sannan a ce za a sayar da akuya. Sau nawa aka ga mutum ya sha wahalar aiki, ya koma gida don ya ɗan huta, wata uku ta wuce, ya dawo da ƙulli a wuya?

Bayan an gama duka, kada a ɗauke ƙafa daga asibiti. Yawancin sankarar da ke dawowa cikin shekara biyun farko take dawowa. Ranar da aka ce ka zo, ka zo, ko kana jin garau.

Su wa suka fi shiga haɗari? Mai shan sigari. Mai shan giya, kuma wanda ya haɗa biyun haɗarinsa ya ninka sosai. Mai cusa garin taba da kanwa a leɓe ko a kunci, mace ko namiji, domin hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa tabar da ba a kunnawa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. 'Yan'uwanmu da ke Sudan sun san tumbak, tabar da ake kwaɓawa da kanwa a dunƙula a sa a baki, kuma likitocin can sun daɗe suna danganta ta da sankarar baki. A bar ta yau. Amma kada wanda bai taɓa kai taba bakinsa ba ya ce shi ya tsira. Ana samun sankarar harshe a jikin matasa, har da mata, waɗanda ba su san warin sigari ba. Kada kuma a laɓe bayan haƙori. Eh, karyayyen haƙori mai kaifi yakan yanki harshe ya yi miki. A goge shi ko a cire. In an yi haka mako biyu ya wuce miki bai rufe ba, laifin ba na haƙorin ba ne, a yi gwajin nama.

Daren nan, kafin ka kwanta, wanke hannu. Tsaya gaban madubi, kunna fitilar waya. Zaro harshe. Kama bakinsa da tsaftataccen hankici, domin yana da santsi, ka ja shi dama, ka duba gefen hagu har can baya. Ja shi hagu, ka duba na dama. Ɗaga shi ya taɓa ganɗa, ka duba ƙarƙashi. Sa yatsa ka shafa gefe-gefen, ka ji ko akwai wuri mai tauri kamar tsakuwa a cikin tuwo. Minti biyu ya isa.

Sannan ka duba na gida. Tsofaffinmu ba sa faɗin ciwo, sun ɗauki ƙorafi rashin tawakkali ne. Ke da ke zuba wa Baba abinci, kin ga yana rage tuwo yana neman kunu? Kin ga jini a kan aswakinsa? Kin ji warin bakinsa ya sauya? Ki durƙusa ki ce, "Baba, don Allah buɗe bakinka in gani." Zai ce, "Ke dai, ba komai, zafi ne." Ki ce, "Na ji, Baba, amma a bari in gani." Kai da ke gaishe da Inna kullum da safe, ka lura maganarta ta yi nauyi? Tambaye ta tun yaushe. Kada ka karɓi "da sauƙi" a matsayin amsa.

In kun ga abin da ya haura mako uku, gobe da sassafe ku nufi babban asibiti mafi kusa. Ku nemi sashen haƙori da muƙamuƙi, ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ku faɗi adadin makonnin yadda suke, ku faɗi ciwon kunnen, ku nuna ƙullin wuyan. In an rubuta muku kafso aka ce ku dawo, ku sa ranar dawowa kada ta wuce mako biyu. In kun dawo miki na nan, ku buɗe baki ku ce a yi gwajin nama, ko a tura ku inda ake yi.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Don Allah kada a kai mako mai zuwa.